Auta ta ce da idonta ta ga an ɗauki gwal ɗin

Saƙon wata baiwar Allah ne daga unguwar Mabera a nan Sakkwato, na ɗan rage masa tsawo:

"Salamu alaikum Anti, don Allah shawara nika nema. Sati ukku da sunka wuce ɗan kunnena da zobe na gwal sunka ɓace cikin durowa, ranar da anka yi sunan ƙanwar maigidana nan gidanmu. Ina da ɗiya 'yar shekara huɗu da rabi, Auta muka ce mata. Daren ranar na tambaye ta ko ta ga wanda yat taɓa durowata tac ce ba ta gani ba, ita wasa takai waje. To tun daga nan Inna uwar maigida da Gwaggon Auta kullum sai sun zaunar da ita, ko yarinyar aikinku ce, ki tuna dai. Yanzu Auta na faɗin ta gan ta da idonta, wai ta buɗe durowa ta sa cikin baƙar leda ta tura cikin zane, har wai ta ce mata in ta faɗi sai ta dake ta. Ko daga barci anka tashe ta haka za ta faɗi. Yarinyar aikin ba ta wuce sha ukku ba, shekararta guda garemu, tana ta kuka tana rantsuwa. Inna ta ce yaro bai ƙarya, kuma wai Auta kai gare ta tunda har kakanta da ya rasu tana shekara ɗaya da rabi tana tunawa. Maigida ya ce a maida yarinyar ƙauyensu a ce ma iyayenta su biya. Ni ma yanzu sai nika ganin kamar ranar na ga tana rawar jiki. Anti ɗiyata ƙarya takai ko gaskiya?"

Wa alaikumus salam Maman Auta, Allah ya bayyana miki kayanki, ya mayar da mafi alheri in ba rabon a gani. Gwal a wannan zamanin ba ƙaramin abu ba ne, ban ga laifinki ba don hankalinki ya tashi.

Zan fara da amsar kai tsaye don kar ki yi ta jira. A yadda kika ba ni labarin nan bana jin Auta ƙarya take yi, kuma duk da haka maganarta ta yanzu ba ta isa a kama kowa da ita ba. Abu biyun nan suna iya haɗuwa. Yaro yana iya ba ki labari da zuciya ɗaya, shi a kansa yana ganin hoton abin tas, alhali abin bai faru a gabansa ba, manya ne suka gina masa shi da tambaya ba tare da su ma sun san suna yi ba. Ban ce yarinyar aikin ba ta ɗauka ba fa, bana gidan. Cewa nake shaidar da kuke riƙe da ita an riga an taɓa ta da hannuwa da yawa.

Mu dai mun taso da zaton cewa in mutum ya ga abu shikenan ya shiga kai ya zauna yadda yake, duk ranar da aka tambaya sai a ɗauko. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano ba haka take aiki ba. Duk sanda kika tuna abu sabon haɗi ake yi, a ɗauko ɗan guntun abin da ido ya gani, a haɗa da abin da kunne ya ji daga baya, da abin da kika saba gani, da abin da mai tambaya yake so ya ji, sannan a mayar a ajiye a haka. Kamar ƙwaryar fura ce da ta zaga tsakar gida, wannan ta ƙara nono waccan ta ƙara ruwa wata ta zuba suga, in ta dawo hannunki ba ki da yadda za ki yi ki ware na wa da na wa. Wannan ya shafi babba da yaro duka, sai dai ƙaramin yaro yana da wani rauni na daban, wato gane daga ina abu ya shigo kansa. Ni na gani, ko an gaya min, ko na ji ana faɗa, ko mafarki na yi, ko cewa aka yi in yi tunaninsa sai na hango shi? Sashen gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, shi ke taimakawa wajen wannan tantancewar, kuma shi ne yake daɗewa bai nuna ba, har mutum ya haura shekara 20 yana kan gyaruwa. 'Yar shekara huɗu da rabi tana can farkon hanya.

Akwai wani gwaji da aka yi a Amurka wanda wallahi da na karanta saƙonki shi ya fara zuwa min, don kamar a gidanku aka yi shi. Stephen Ceci na Jami'ar Cornell da Michelle Leichtman suka wallafa shi a 1995. Yara 176 ne 'yan shekara 3 zuwa 6. Wani mutum da aka kira Sam Stone ya shigo ajinsu, ya gaisa, ya ɗan zaga, ya fita, duka duka kamar minti 2, bai taɓa komai ba. Amma wasu daga cikin yaran tun kafin ya zo an yi ta ba su labarinsa cewa mutumin kirki ne sai dai ɓarna gare shi, komai ya riƙe sai ya fasa. Bayan ya tafi kuma aka yi ta zama da su ana musu tambaya irin mai ɗauke da amsarta a ciki, irin su lokacin da Sam ya yaga littafin nan da gangan ya yi ko wasa yake, lokacin da ya ɓata 'yar tsanar nan da me ya ɓata ta. Bayan sati 10 wani sabon mutum ya zo ya ce su ba shi labarin ranar. Cikin ƙananan, 'yan shekara 3 da 4, waɗanda aka haɗa musu biyun wato baƙin labari kafin zuwansa da tambaya mai jan baki bayan tafiyarsa, kashi 72 cikin 100 suka ce Sam ya yi ɓarnar. Kashi 44 suka ce da idonsu suka gani. Ko da aka ɗan ja da su a hankali aka ce anya kuwa ka gani, kashi 21 suka tsaya kai da fata. Su kuwa yaran da ba a gaya musu komai a kansa ba kuma aka yi musu tambaya ta tsakani da Allah, kusan dukkansu daidai suka faɗa, ya shigo ya fita.

To ki duba gidanki. Kafin gwal ya ɓata sau nawa aka taɓa cewa a gaban Auta 'yan aikin nan sai a hankali, ko a ce rufe ɗakin kar yarinyar can ta shiga? Ba sai an yi da mugun nufi ba, haka muke magana mu duka. Wannan shi ne baƙin labarin. Sai kuma sati ukku na zaman tambaya.

Kuma na san yadda irin zaman nan yake ko ban je ba. An idar da magariba, Inna tana kan tabarma ta jawo Auta jikinta, zo nan 'yar albarka gaya min gaskiya, ranar suna ba ki ga wance ta shiga ɗakin Mamanki ba? Auta ta ce a'a. Inna ta ce ki tuna dai. Shiru. Gwaggo daga gefe ta ce ƙila tsoro take ji, ke ko ta ce za ta dake ki in kin faɗi? Auta ta kalli fuskar wannan ta kalli ta waccan ta ɗaga kai. Sai a ce yauwa, kun ji ko, ai na faɗa, a shafa mata kai a miƙo mata minti. Gobe a sake, cikin mi tas sa shi, leda ko? Wace iri, baƙa? Jibi Auta da kanta za ta ce baƙar leda, kowa ya riƙe baki ya ce ji yarinya har kalar leda ta riƙe. Babu wanda ya yi niyyar koya mata ƙarya a nan. Amma yaro in babba ya maimaita masa tambayar da ya riga ya amsa, abin da yake fahimta shi ne amsar farko ba ta yi ba, sai ya canza. Balle namu da muka tarbiyyantar a kan ba a musu da manya. Sannan ƙananan yara in an yi musu tambayar e ko a'a sukan zaɓi ɗaya ko da ba su sani ba, ba kasafai suke cewa ban sani ba sai an nuna musu cewa an yarda su faɗi hakan.

Maganar ko daga barci aka tashe ta haka za ta faɗa, na san ita ce ta fi tsaya miki a rai, amma ba hujja ba ce, hadda ce. Abin da aka maimaita kullum na sati ukku dole ya zauna. Shi dai Ceci ɗin da abokan aikinsa, har da Elizabeth Loftus wadda ta yi suna a wannan fannin, sun yi wani gwajin a 1994. Duk sati sai a zauna da yaro a ce ya yi tunani sosai, ya taɓa sa yatsa cikin tarkon ɓera har aka kai shi asibiti? An riga an tabbatar daga iyaye cewa bai taɓa faruwa ba. Da farko yaran sukan ce a'a. Bayan kamar sati 10 fiye da rabinsu sun ba da labarin aƙalla abu ɗaya da bai taɓa faruwa ba cikin waɗanda aka yi ta tambayarsu, kuma ba a taƙaice ba, da wanda ya raka su asibiti da yadda aka naɗe yatsan da inda tarkon yake a gida. Aka nuna wa ƙwararru bidiyon yaran aka ce su ware na gaske da na ƙirƙira suka kasa. Wasu yaran ma ko da iyayensu suka ce musu abin nan fa bai faru ba sai suka ƙi yarda. Don haka yawan bayani dalla dalla, da kuka, da rashin canza magana, duk ba sa raba miki gaskiya da abin da aka dasa.

Ba ma sai an zaunar da yaro ba. Gabrielle Principe da abokan aikinta sun nuna a 2006 cewa jita-jita kaɗai ta isa. Mai wasan dabo ya zo makarantar yara ya kasa fito da zomo daga hula, sai aka bari wasu yaran suka jiyo manya na hira cewa ai zomon kuɓucewa ya yi yana yawo cikin makaranta. Daga baya da yawansu suka ba da labarin zomon, har da waɗanda daga bakin 'yan ajinsu kawai suka ji, wasu suka ce sun gan shi. Ki tuna sau nawa aka yi zancen gwal ɗin nan a waya da tsakar gida Auta tana gefe tana wasa kamar ba ta ji.

Sai batun yaro bai ƙarya. Da girmamawa ga Inna, yara suna yi, tun wajen shekara 3 suke farawa, duk uwar da ta taɓa tambayar wa ya sha madarar nan ta ga baki fari fat ana cewa ba ni ba ne ta sani. Abin da ya sa na ce ba ƙarya Auta take ba shi ne ba ta da abin da take karewa, kuma ba ita ta kawo zancen ba, kawo mata aka yi.

Zancen kakanta kuwa, Allah ya jiƙansa, shi ma yana goyon bayan abin da nake faɗa ne maimakon ya rushe shi. Yawancin manya in aka ce su faɗi abu na farko da suke tunawa a rayuwa yana faɗowa ne wajen shekara 3 zuwa 3 da rabi, abin da ke ƙasa da shekara 2 kuwa da wuya ƙwarai ya tsira. Dalilan sun haɗa da cewa sashen ƙwaƙwalwa mai ɗaure abin da ya faru da wuri da lokaci, wanda ake kira hifokamfas, bai gama ƙwari ba, ga shi yaron bai da bakin da zai zuba abin a labari. Har abin da ɗan shekara 3 yake tunawa ma zubewa yake yi a hankali. Patricia Bauer da Marina Larkina na Jami'ar Emory sun bi wasu yara da aka yi hira da su suna shekara 3, waɗanda aka sake tambaya suna 5 zuwa 7 sun tuna sama da kashi 60 na abubuwan, waɗanda aka bari sai da suka kai 8 da 9 kuwa bai kai kashi 40 ba. To Auta da kakanta, ina kyautata zaton akwai hotonsa a waya yana riƙe da ita, kuma Inna ta sha ba ta labarin yadda yake ɗaukarta yana mata wasa. Daga nan ta haɗa nata. Ba laifi ba ne, abu ne mai kyau ma, a bar mata kayanta. Sai dai ya nuna miki cewa yarinya ce da in an ba ta labari takan mayar da shi abin da ta gani.

Wannan ya faru har da Jean Piaget, masanin nan ɗan Siwizalan da ya ƙare rayuwarsa kan nazarin tunanin yara. Ya rubuta cewa ya girma yana tuna ranar da wani mutum ya so sace shi a titin Champs-Élysées na birnin Faris yana cikin keken jarirai, yana ganin yadda mai renonsa ta tare mutumin har aka yakushe ta a fuska, da ɗan sandan da ya zo da farin kulki. Sai da ya kai kamar shekara 15 matar ta aiko wa iyayensa wasiƙa ta ce ƙirƙira ta yi, babu wani ɓarawo, har ta ce za ta mayar da agogon da aka ba ta tukuici. Labarin da ya ji ana yi a gida ne ya zame masa hoto a kai.

Kar ki ɗauka ina cewa kan yara ba ya riƙe gaskiya. Yana riƙewa sosai. Carole Peterson a Kanada ta bi yaran da aka kai asibiti da rauni irin karaya da ɗinki, ta sake tambayarsu bayan shekara 5, waɗanda suka kai shekara 3 zuwa sama lokacin raunin sun riƙe ainihin abin da ya faru daidai ƙwarai. Yaro in an bar shi ya ba da labari da bakinsa bayaninsa kan zo gajere amma mafi yawansa daidai ne. Shi ya sa a duk maganganun Auta wadda na fi ba nauyi ita ce ta daren farko, lokacin da ke kaɗai kika tambaye ta ba wanda ya ambaci sunan kowa, ta ce ba ta gani ba wasa take a waje. Ranar suna, gida cike da yara, wace 'yar shekara huɗu ce za ta zauna gadin durowa?

Abin da zai fi shiga kunnen Inna da maigida ina ga ba sunayen Turawan nan ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun riga su. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, an ce ana karɓar shaidar yara a kan raunin da ya faru a tsakaninsu ne kafin su watse ko wani babba ya shiga tsakaninsu. A Muwaɗɗa ma Imamu Malik ya kafa sharaɗin cewa kafin su rabu ko a ruɗe su ko a koya musu. Ki ga fa, a kan rauni tsakanin yara kenan, ba a kan dukiya ba, kuma ko a nan ɗin da babba ya sa baki shaidar ta faɗi. Ku kuma manya nawa ne suka shiga? Ga kuma ƙa'idar da kowa ya sani, hujja tana kan mai da'awa. Ki roƙi maigida ya je ya tambayi limamin unguwarku ko malamin da yake karatu wajensa, shin ya halatta a ɗora wa iyayen yarinya biyan gwal da maganar 'yar shekara huɗu da aka yi sati ukku ana tambaya? Bari ya ji daga can, ya fi ki tsaya kina ja da uwarsa.

Ke ma Maman Auta ban ƙyale ki ba. Rawar jikin nan da kika ce yanzu kike ganin kamar kin gani, ranar kin lura da ita har kin gaya wa wani, ko sai bayan da sunanta ya fito? Akwai wani gwaji mai sauƙi da za ki iya yi wa maigida yau da dare. Ki karanto masa gado, katifa, bargo, matashi, mafarki, minshari, hamma, gyangyaɗi, dare, gajiya, ku yi wata hirar kaɗan, sannan ki tambaye shi ko kin ambaci barci. Mutane da yawa za su ce e har da rantsuwa. Abin mamakin shi ne Charles Brainerd da Valerie Reyna sun nuna cewa a irin wannan kuskuren manya sun fi ƙananan yara faɗawa, saboda mu ma'anar abu muke riƙewa mu cike sauran da kanmu. Da zarar zuciya ta ce wance ce, sai kai ya koma baya ya yi ta nemo abin da zai dace. Yarinya 'yar sha ukku da ta wuni tana wanke tukwanen suna tun asuba, in jikinta ya yi rawa ai ba abin mamaki ba ne.

Yanzu abin yi. A daina tambayar Auta daga yau, kwata kwata, kuma a daina zancen a gabanta. Ba sai kin ce wa Inna ta yi kuskure ba, ki ce mata Inna yarinyar nan abin ya fara damunta, mu bar ta ta huta. Kar a dake ta kuma kar wanda ya kira ta maƙaryaciya, ko da gobe an tsinci gwal ɗin a bayan durowa, don ita abin da manya suka nema ta ba su. In ita da kanta ta tayar da zancen ki ce na ji, Allah zai bayyana, ki kawo wata hirar.

Ki zauna ke kaɗai ki rubuta yadda abin ya bi, me ta ce daren farko, wa ya fara kiran sunan yarinyar, wa ya fara cewa leda, wa ya fara cewa duka. Wannan na ƙarshen ki bi shi da kyau don bana so in yi saurin ture shi, yana yiwuwa a tsorata yaro ya yi shiru. In Auta ce ta fara furta shi ba wanda ya ɗora mata, kuma kin lura tun kwanakin farko kafin a fara zaman tambaya tana gudun yarinyar alhali da tana manne da ita, to wannan abin dubawa ne. In kuwa daga bakin Gwaggo ya fito, kuma washegarin suna yarinyar ce ta yi mata wanka ta goya ta suna dariya, kin samu amsarki.

Sannan a nemi gwal ɗin yadda ake neman kaya. Mutum nawa suka shiga ɗakin nan ranar, masu sallah, masu canza kaya, masu shayarwa, masu cajin waya? Na san ba daɗi a ce ana zargin dangin miji, shi ya sa ma ya fi sauƙi a dafa wadda ba ta da kowa a gidan, amma sauƙi ba hujja ba ne. Ki zare durowar gaba ɗaya ki duba bayanta da ƙarƙashinta, ki zazzage jakar da kika fita da ita biki na ƙarshe, da aljihun akwati, da cikin ninkin atamfofi. In kina da hoton kayan ko rasit a kai wa masu sayar da gwal da kika saba da su su sa ido. Yarinya 'yar ƙauye mai shekara sha ukku ba ta iya sayar da gwal ita kaɗai ba tare da wani babba ba, in ita ce akwai wanda ta ba, kuma wannan ana iya bin sawunsa, wa ya zo wurinta, yaushe ta fita, an ga sabon abu a hannunta?

Ita kanta yarinyar amana ce a hannunki, ɗiyar wasu ce, kuma yarinya ce ita ma. Kar a kulle ta a ɗaki ana mata barazana da 'yan sanda, don a irin wannan matsin yara kan amsa laifin da ba su yi ba don dai a ƙyale su, sai ki ƙare da shaida biyu duk ba mai amfani. In zaman ya riga ya lalace har ba za ki iya sakin jiki da ita ba, ki biya ta haƙƙinta cif, ki haɗa ta da wadda ta kawo ta, a ce wa iyayenta kaya sun ɓace ba a san wanda ya ɗauka ba. Kin san ƙauye, in sunan ɓarauniya ya bi ta har ranar da za a zo neman aurenta sai an tayar da shi.

Abu ɗaya nake tsoro da wannan amsar tawa, kar wata ta karanta ta ce ashe maganar yara ba abin kamawa ba ce. In yaro da kansa, ba wanda ya tambaye shi, ya zo ya ce wani ya taɓa shi a inda bai dace ba ko ya cutar da shi, wannan daban ne da na Auta ta kowace fuska, kuma yara sun fi yin shiru da irin wannan a kan su ƙirƙire shi. A nan abin yi shi ne ki natsu kar ki yi ihu, ki ce ba ni labari, in ya tsaya ki ce sai me ya faru, kar ki kawo sunan kowa da bakinki, ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, ki raba shi da wanda ya ambata, ki kai shi asibiti da wuri. A nan Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru da aka tanada don irin wannan. Kar a tara dangi kowa ya yi nasa tambayoyin, don haka ake lalata maganar yaro mai gaskiya har ta kasa tsayawa a gaban hukuma.

Ko a ƙananan abubuwa na gida haka za ki riƙa yi da Auta nan gaba, wa ya fasa kofi, me ya faru a Islamiyya. Tambaya ɗaya a buɗe, sau ɗaya, ke da ita, kuma ki fara da gaya mata in ba ki sani ba ki ce ban sani ba, ba zan yi faɗa ba. In kin duba bayan durowar da jakunkunan ki sake rubuto min, ina so in ji kuma me malamin ya ce wa maigida.